Waiwaye: Yadda shaidar zur ta koma taurari biyar

Wasu masu tallar magani a bakin tasha sun daɗe da sanin dabarar. Ana tsaka da talla sai wani ya kutso cikin taro, ya rantse maganin nan ne ya raba shi da basir, ya sayi kwalba biyu, da yamma a haɗu a ba shi kasonsa. Sharhin bogi na intanet jikan wannan ne, kuma kusan kowace dabararsa ta fito ne bayan an toshe wadda ta gabace ta.

Sunan farko da aka raɗa wa harkar ya girmi cinikin intanet. A 1985 wasiƙu suka yi wa Sanata Lloyd Bentsen na Amurka ruwa, duk suna kare kamfanonin inshora, sai ya kwatanta su da AstroTurf, ciyawar robar filin wasa: kore shar, amma ba saiwa. Daga nan aka samu kalmar asturotafin, wato goyon bayan da aka saya aka sa masa rigar talakawa.

Amazon, shafin saye da sayarwa na intanet, ya buɗe wa masu saye ƙofar sharhi a 1995. A 2004 wata tangarɗa a shafinsa na Kanada ta fallasa sunayen masu sharhin ɓoye, sai ga marubuta suna koɗa littattafan kansu. Turawa na ce wa irin wannan asusu 'yar tsanar safa. Sojan gona ke nan a wajenmu. Daga baya abin ya zama sari. A 2013 masu binciken jihar New York suka yi shigar masu shagon yogot, suka kama kamfanoni 19 da ke biyan marubuta a Filifin da Bangaladash dala 1 zuwa 10 kan kowane sharhi. Tarar ta haura dala 350,000.

Da aka fara fifita sharhin wanda ya sayi kaya da gaske, kuma Amazon ya hana ba da kaya kyauta don a yaba a 2016, sai harkar ta koma zaurukan Facebook: ka saya da kuɗinka, ka ba da taurari biyar, ka tura hoton shaida, a mayar maka da kuɗin ta bayan fage. A 2022 Amazon ya kai ƙarar masu kula da irin waɗannan zauruka sama da 10,000. Akwai kuma burashin: mai kaya ya buɗe asusu da adireshin wani, ya sayi kayan kansa, ya aika ƙunshin da ba a nema ba don lambar aike ta nuna an kai, sannan ya rubuta yabon da hannunsa.

Akwai wasu dabaru biyu da suka fi wuyar ganewa, domin sharhin na gaske ne. Ɗaya gadon sharhi: a ɗora sabon kaya a shafin tsohon da ya tara yabo. Ɗaya kuma tankaɗe: a fito da yabo, a danne ƙorafi. Hukumar kasuwanci ta Amurka ta karɓi dala miliyan 4.2 daga kamfanin tufafi Fashion Nova a 2022 kan zargin ɓoye sharhin da bai kai taurari huɗu ba, kuma tun Oktoban 2024 dokarta ta haramta saye da sayar da sharhin bogi, har wanda ƙirƙirarriyar basira ta rubuta. Kishiyar su duka taron dangi ne: a yi wa abokin hamayya ruwan tauraro ɗaya cikin kwana biyu.

A Kaduna matsalar ta fi zama inda babu mai tsaro. Mai atamfa ko turare ta sa hoton hira a sitatus, "Hajiya kaya sun iso, wallahi sun fi hoto kyau", an goge suna da lamba. Waya biyu sun isa haɗa wannan, kuma 'yan kasuwa masu gaskiya su ne ke kwana ciki. Abin da ya fi ciwo shi ne saƙon da ke gayyatar matasa su danna wa otal taurari biyar a Google a biya su. Ana biyan ɗan wani abu da farko, sai a ja mutum Telegram a ce ya zuba kuɗi kafin babban aiki, kuɗin kuma ba ya dawowa.

Kafin ka tura kuɗin kaya, jera sharhi daga na baya-bayan nan ka ga ko sun taru a mako guda. Danna sunan mai sharhin: wanda ya yabi gidan abinci a Barnawa, da gareji a Legas, da otal a Dubai a yini ɗaya ba abokin ciniki ba ne. Karanta masu taurari biyu da uku, ka duba ko kayan da suke ambata shi ne wanda ke cikin hoton.