Rubutun Shaidar Jirage a Manhajojin Kwaikwayon Tuƙin Jirgin Sama

Rubutun shaida shi ne ɗan gajeren bayanin da manhajar kwaikwayon tuƙi ke nunawa a saman kowane jirgin da ke kusa da mai wasa. Yakan ƙunshi sunan kira ko lambar rajista, samfurin jirgin, nisansa, da tsayin da yake tafiya a sama. Nisa da tsayi manhajar ce ke lissafa su nan take. Suna da samfuri kuwa daga wani wuri ake ɗauko su, kuma wurin ya danganta da irin jirgin da ake kallo.

Na farko su ne jiragen da kwamfuta ke tuƙawa da kanta. A Flight Simulator X na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2006, kowane jirgi yana da fayil mai suna aircraft.cfg. A ciki akwai layin atc_id mai ɗauke da lambar rajista, da atc_airline da atc_flight_number masu ɗauke da sunan kamfani da lambar tafiya. Jadawalin tashin waɗannan jirage kuma yana cikin fayilolin BGL, kuma su ma suna iya bai wa jirgi lambarsa. Idan wanda ya yi wa jirgi fenti ya manta bai gyara layukan nan ba, sai a ga jirgi da launin wani kamfani, rubutun kuma na wani.

A wasan haɗaka ta intanet na Microsoft Flight Simulator, wanda Asobo Studio na Faransa ya gina aka fitar a 2020, sunan asusun Xbox na mai wasa ne ke bayyana. A dandalin tuƙi na intanet VATSIM da IVAO kuwa, inda masu sa kai ke kwaikwayon aikin hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage, matuƙin ne da kansa yake rubuta sunan kiransa da lambar samfurin jirginsa kafin ya shiga, ta manhajoji irin su vPilot ko xPilot. Ana bin tsarin ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya: haruffa uku na kamfani sannan lambar tafiya, kamar BAW na British Airways ko APK na Air Peace, samfuri kuma kamar B738 na Boeing 737-800 ko A320 na Airbus. Hoton jirgin ba ya bin intanet. Lambobin kaɗai ake aikawa, sai kwamfutar mai kallo ta duba jiragen da ke cikinta ta zaɓi wanda ya fi kama. In ba ta da shi, ta sa wanda ta samu, rubutun kuma ya tsaya yadda matuƙin ya shigar da shi.

Jiragen gaske da ake nunawa kai tsaye su ne suka fi rikitarwa. Microsoft Flight Simulator na 2020 ya fara ne da bayanan FlightAware, kamfanin bin diddigin jirage, masu manhajar tuƙi ta X-Plane kuma suna da ƙarin manhaja mai suna LiveTraffic da ke iya jawo bayanai daga OpenSky Network, wata cibiyar tattara bayanan jirage. Tushen mafi yawan bayanan nan shi ne saƙon rediyo mai suna ADS-B da jirgi ke watsawa a kan zangon megahaz 1090. Saƙon yana ɗauke da matsayin jirgi, sunan kira da bai wuce haruffa 8 ba, da lambar na'ura ta musamman mai bit 24. Babu samfurin jirgi a ciki, kuma lambar rajista ba ta fitowa sai idan ita matuƙin ya sa a matsayin sunan kira, kamar yadda ƙananan jirage kan yi. Don haka sai an kai lambar na'urar rumbun bayanai kafin a san lambar rajistar jirgin, kamar ta Najeriya mai farawa da 5N ko ta Nijar mai farawa da 5U, da kuma ƙirarsa.

Jiragen Amurka sun fi sauƙi, domin ana iya lissafo lambarsu mai farawa da N daga lambar na'urar kai tsaye. Sauran ƙasashe da dama sai da rumbun, kuma rumbun kan yi jinkirin sabuntawa. Jirgin da aka sayar ko aka sauya masa rajista yana iya fitowa da tsohon bayani, ko gurbin samfurinsa ya zo babu komai.