Mece ce cutar toshewar jijiyoyin jini na ƙafa?

Idan likita ya ce mutum na da PAD (gajeren sunan wannan cuta a Turance), yana nufin jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa gaɓɓai, musamman ƙafafu, sun ƙuntata ko sun toshe. Kitse da kolestarol ne ke taruwa a jikin bangon jijiyar a hankali, shekara da shekaru, har hanyar ta tsuke. Irin wannan taruwar ce ke kawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa wanda aka samu da ita a ƙafa ake duba masa zuciya ma.

Alamar da aka fi saninta da ita ita ce ciwo ko ɗaurewar sharaɓa yayin tafiya. Mutum zai yi ɗan nisa, naman ƙafar ya nemi ƙarin jini bai samu ba, sai ya ɗaure. Ya tsaya 'yan mintuna ciwon ya lafa, ya ci gaba ya dawo. Amma da yawan masu cutar ba sa jin wannan ciwon. Wasu kuma sun rage tafiya ba tare da sun lura ba, ko su ɗora laifin a kan tsufa da sanyin ƙashi. Idan abin ya yi nisa, ƙafar kan yi sanyi, yatsu su riƙa zugi cikin dare har sai mutum ya sauko da ƙafar daga gado, ƙaramin rauni ya zama gyambon da ba ya warkewa, daga nan nama ya fara baƙi yana ruɓewa.

An daɗe ana mata kallon cutar ƙasashe masu arziki. Alƙaluma sun nuna akasin haka. Wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2013 ya ƙiyasta mutum miliyan 202 ne ke ɗauke da ita a 2010, kusan kashi 70 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki. Tsakanin 2000 da 2010, yawansu ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin ɗari a waɗannan ƙasashe, alhali a ƙasashe masu arziki ƙarin kashi 13 ne. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: mutane na ƙara tsawon rai, ciwon suga da hawan jini na yaɗuwa, taba kuma, wadda ita da suga ne manyan masu haddasa cutar, ba ta rasa mashaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gwajin gano ta ba shi da wuya. Ana auna ƙarfin jini a idon sawu, a auna a dantse, sai a yi lissafin rabawa, a raba adadin farko da na biyu. In sakamakon ya kai 0.9 ko ƙasa da haka, akwai toshewa. Abin awon hawan jini da 'yar ƙaramar na'urar Dofla, mai sauraron gudun jini a jijiya, kawai ake buƙata. Duk da haka a asibitoci da yawa na ƙasashe matalauta ba a yin sa, sau da yawa ko takalmin mai ciwon suga ba a sa shi ya cire a duba ƙafar. Sai majinyaci ya zo da yatsa ya riga ya mutu. A inda akwai ƙwararrun likitocin jijiya, ana iya buɗe hanyar da ɗan balan-balan da ake zurawa cikin jijiyar ko a yi wa jinin wata hanyar ta kewaye. Inda babu su, ko babu kuɗin aikin, yanke ƙafa ne ke saura. Kuma ga wanda da ƙarfin jikinsa yake ci da iyali, ƙafar roba ma ba ta samuwa cikin sauƙi, rasa ƙafa rasa abin yi ne ga gida gaba ɗaya.

Da an gano ta da wuri, maganin ba ya fin ƙarfin ƙaramin asibiti: barin taba kwata-kwata, daidaita suga da hawan jini, maganin rage kolestarol, da asfirin ko makamancinsa bisa umarnin likita. Sai tafiya, wadda magani ce sosai: minti 30 zuwa 45, aƙalla sau 3 a mako, na tsawon wata 3, ana tafiya har ciwon ya taso, a huta, a sake tashi. Mai ciwon suga kuwa ya riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum, domin ciwon suga kan kashe masa jin taɓawa a ƙafa, ya taka abu mai kaifi bai sani ba.