Karatun mataimakin likita a Amurka ba mafakar waɗanda suka faɗi ba ne

An daɗe ana cewa wanda ya rasa gurbin karatun likitanci a Amurka sai ya koma karatun mataimakin likita, wato PA, wai can ƙofa a buɗe take. Ba haka ba ne. Tun 1965 da Dokta Eugene Stead ya fara shirin a Jami'ar Duke, tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa ya ɗiba, mutanen da hannunsu ya riga ya saba da raunuka.

Har yau wannan ne ma'aunin. Digirin farko dole ne, tare da darussan sanin sassan jiki, sinadarai da ƙwayoyin cuta. Amma maki kaɗai ba ya kai mutum. Makarantu da dama na neman sa'o'in aiki da marasa lafiya, Duke kanta 1,000 take nema: auna hawan jini, ɗibar jini, juya majinyaci a gado cikin dare. Tsayawa bayan likita kana kallo kuwa, galibi ba a lissafa shi a ciki.

Yawancin makarantu ta tsarin CASPA, wato shafin intanet na bai ɗaya da ake neman gurbin karatun PA ta cikinsa, suke karɓar takardu, sannan a kira ka ganawa. A nan ake gane mai son aikin da wanda kawai ya zo neman mafita.