Kalmar "da" a Wales da kudancin Sin

Wannan 'yar kalmar "da" da muke jefawa a kusan kowace jimla, ashe ba mu kaɗai ke rubuta ta haka ba. Mutanen Wales a Birtaniya suna da ita, 'yan ƙabilar Zhuang na yankin Guangxi a ƙasar Sin ma haka, amma fa kowa da inda ya samo tasa, ko dangin nesa ba su haɗa ba.

A yaren Welsh "da" na nufin mai kyau. In gari ya waye su ce "bore da", ina kwanansu kenan, da dare kuma "nos da". Masana sun bi sawunta har tsohon harshen Celtic inda take "dagos", irinta ce ake gani a sunayen mutanen Gaul tun kafin a san wata Faransa, a hankali bakin mutane ya cinye "g" ɗin da wutsiyar, aka bar "da". Abin da ya fi burge ni shi ne daga baya ta koma nufin dukiya, har dabbobin kiwo suke ce wa "da byw", dukiya mai rai. Ai mu ma makiyayi in ya ce dukiyarsa ka san shanu yake nufi. Kuma in ta bi kalma mai jinsin mace sai ta rikiɗe ta koma "dda", kamar a "noswaith dda", gaisuwar yamma.

A Zhuang kuwa "da" ido ne, kuma a baki ta fi kusa da "ta", daidai yadda mutanen Thailand da Laos ke kiran ido, don duk zuriyar harsunan Tai ne. To me ya sa ake rubuta ta da d? Tsarin rubutu ne kawai. Da can da Sawndip suke rubutu, wanda aka gina kan haruffan Sinanci, sai 1957 aka fito musu da boko mai gaurayen haruffan Latin da na Rasha, a 1982 aka gyara ya koma Latin zalla. A wannan bokon akwai dabarar manna harafi a ƙarshen gaɓar kalma don nuna karin sauti, shi ya sa "da" ido ne amma "dah" kogi ne, "h" ɗin ba a furta shi sam.

Mu namu bokon bai damu da karin sauti ba, "da" ta ni da kai da "da" ta zamanin da duk rubutu ɗaya, mai karatu ne zai gane da kansa.