Mece ce ILS, 'yar jagorar jirgi a cikin hazo?

Duk shekara idan hunturu ya kankama, sai ka ji an soke jirgin Kano, ko an karkatar da na Sakkwato saboda hazo. A cikin bayanin jami'ai kuma ba ka rasa jin haruffa uku: ILS. Gajeren sunan Turanci ne, ma'anarsa tsarin sauka da taimakon na'ura. Aikinta aikin ɗan jagora ne: ta riƙe wa matuƙi sanda a lokacin da idonsa ba ya ganin titin sauka.

Na'urori biyu ne suka haɗu suka ba da ita. Ta farko jerin eriya ce a can ƙarshen titi, tana nuna wa jirgi ko ya kauce dama ko hagu. Ta biyu tana gefen titi kusa da inda taya ke taɓa ƙasa, ita ke shata gangarar da jirgi zai biyo, yawanci digiri 3. Kowacce tana aika sauti iri biyu ta rediyo, ɗaya mai kaɗawa sau 90 a daƙiƙa, ɗaya sau 150. Idan jirgi na kan daidai, ƙarfinsu ya zo ɗaya, allurar da ke gaban matuƙi sai ta tsaya cak a tsakiya. Da ya ɗan kauce, ɗaya ya rinjayi ɗaya, allura ta motsa.

Tana da aji uku. A aji na 1, matuƙi na iya saukowa har ƙafa 200 daga ƙasa. In bai hango fitilun titi ba a nan, dole ya ƙara wuta ya koma sama. A aji na 2 ƙafa 100 ne. Aji na 3 ya fi haka ƙasa, har jirgi kan sauka da kansa. Sai dai kafa na'urar aji na 3 kaɗai bai wadatar ba. Sai jirgin yana da kayan, matuƙan sun samu horo, fitilun titi na aiki, wutar ko-ta-kwana kuma a shirye take.

To, ina amincinta yake? A ganina abin da ya fi burgewa a ƙirar ILS shi ne an koya mata yin shiru. Akwai na'urar sa ido da ke sauraron siginar dare da rana. Da ta ga saiti ya goce, sai ta koma kan na'ura ta biyu, ko ta kashe komai. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ba ta yarda na'urar saitin dama da hagu ta aika siginar ƙarya fiye da daƙiƙa 10 ba a aji na 1, a aji na 3 kuwa daƙiƙa 2. Idan sigina ta ɗauke, alamar gargaɗi na fitowa a gaban matuƙi, ya san inda ya kwana. Ja-gorar da ta ce ba ta gani ta fi wadda za ta kai ka rami tana murmushi.

Amma sigina na da saurin jin ciwo. Mota ko wani jirgi ya gifta gaban eriya, sai ta lanƙwasa, shi ya sa ake tsayar da jirage nesa da titi idan gari ya rufe. Sabon gini, doguwar ciyawa, ruwan da ya kwanta a gaban eriya, duk suna taɓa ta. Don haka lokaci-lokaci wani jirgi na musamman ke zuwa ya yi ta sauka yana tashi yana auna ta daga sama. A Najeriya NAMA, hukumar kula da sararin samaniya, ita ce ke kula da waɗannan na'urori. A watan Fabrairun 2020, hazo ya haɗu da rashin kammala awon sabuwar na'urar Legas, jiragen ƙasashen waje suka riƙa sauke fasinjojinsu a Akra. Mutane sun sha wuya ƙwarai, amma gara hakan da a sauka da na'urar da ba a tantance ba.

Saura kuma matuƙi. Ana koya masa kada ya miƙa wa allura wuyansa: ya saurari haruffan shaidar tashar, ya kuma gwada nisa da tsayi. A gangarar digiri 3, kowane mil ɗaya na teku kusan ƙafa 300 ne, don haka a mil 5 ya kamata ya ga kimanin ƙafa 1,500 tsakaninsa da titi.

Ga misalin illar miƙa wa allura wuya: ranar 6 ga Agustan 1997, jirgin Korean Air mai lamba 801 ya nufi tsibirin Guam da ke tekun Pasifik cikin dare ana ruwa. An sanar cewa na'urar gangara ba ta aiki, mai kula da zirga-zirga ma ya faɗa musu. Amma allurar ta motsa, matuƙan suka shiga tambayar juna ko tana aiki ne, jirgi kuwa na ta yin ƙasa fiye da yadda taswirar sauka ta yarda. Ya daki tsauni kimanin kilomita 5 kafin titi. Cikin mutum 254 da ke ciki, 228 suka rasu.