Ƙwaro mai ƙahon barewa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tambayoyin nan kan wannan ƙwaro (stag beetle a Turance) kullum su ake jefo min, to ga su wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Ƙahon nan na gaske ne?
A'a. Muƙamuƙi ne ya yi tsawo haka, kuma na namiji ne kawai yake girma haka. Kokawa suke yi da shi a kan mace, wani ya ciccibi wani ya wurgo shi daga kan reshe.

Yana cizo?
Namijin da kuke gudu ba shi da wani ƙarfin cizo. Macen ce mai guntun baki, in ta damƙi yatsanka za ka ji a jikinka. Babu dafi. Ka daina ɗaukarsu da hannu kawai.

Zai cinye min katakon ɗaki?
Haba. Tsutsarsa ruɓaɓɓen itace take ci, ko bishiya mai rai ba ta taɓawa balle ƙofarka. Babban kuma ɗan ruwan jikin bishiya da na 'ya'yan itacen da suka faɗo yake lasa, irin na Turai makonni kaɗan yake yi a duniya ya mutu.

Ina tone kututture na ci karo da tsutsarsa, ya zan yi?
To nan ne maganar take da tsawo. Da farko ka duba ko ita ce, domin tsutsotsin ƙwari da yawa suna kama da juna, ita fara ce ƙatuwa a lanƙwashe, kanta ruwan lemo, kuma a jikin ruɓaɓɓen itace ko ƙasar da ke gindinsa za ka same ta. In zai yiwu ka mayar da ita inda take ka rufe, ka haƙura da kututturen nan, don irin na Turai wato Lucanus cervus tsutsarsa takan yi shekara 3 zuwa 7 a ƙarƙashin ƙasa, kai kuma cikin minti biyar za ka ɓata mata duka. In dole sai an cire, to ka haƙa rami a inuwa, ka zuba guntayen itacen da ka same ta a ciki, ka sa ta ka rufe da ƙasa sama-sama. Ban ce lallai za ta rayu ba fa, ya danganta da danshi da yadda ka ji mata ciwo, amma ya fi barinta a rana tsuntsaye su tsince. In kuma dunƙulen ƙasa ka gani kamar ƙwai, kar ka fasa, a ciki take rikiɗa.

Zan iya kiwonsa?
A Japan ana yi sosai, kuwagata suke ce masa. A Ingila kuwa dokar kare namun daji ta 1981 ta hana sayar da irin na Turai, sai ka duba dokar inda kake.

Na gan shi kwance a kan titi, ya mutu ne?
Ba lallai ba, ɗumin kwalta ke jan su. Sa masa kara ya kama, ka ajiye shi gindin bishiya kafin mota ta taka shi.