Dokar da ke ƙirga kwanakin masunta a Bahar Rum

A shekarar 2019 Tarayyar Turai ta kafa doka mai lamba 2019/1022 kan kamun kifin da ke zaune a ƙasan ruwa a yammacin Bahar Rum. Ta shafi masuntan Sifaniya da Faransa da Italiya, musamman masu jiragen da ke jan ƙaton taru a gindin teku. Maimakon a ce wa kowane jirgi ga iya tan ɗin da zai kama, kamar yadda aka saba a Tekun Arewa na Turai, sai aka yanka masa kwanakin da zai fita a shekara.

Dalili kuwa shi ne taru ba ya zaɓe. Ja ɗaya zai kwaso kifin hek, dangin wanda ake kira panla a kasuwannin Najeriya, haɗe da jan kifin mulet da jatan lande iri-iri. Idan aka sa wa kowane nau'i nasa kason, wani zai cika tun wani bai kai rabi ba, kuma masunci ba shi da yadda zai hana wanda ya cika shiga taru. Kwana kuwa yana ƙirguwa.

An ɗauki matsakaicin kwanakin 2015 zuwa 2017 a matsayin ma'auni. A 2020 aka zaftare kashi 10 cikin 100, sannan aka ba ministocin ƙasashen Tarayyar damar ƙara rage har kashi 30 a shekaru huɗun da suka biyo baya. Jirgi ba zai wuce awa 15 a rana ba, kwana biyar a mako, sai dai wanda wurin kamunsa ke da nisa, a ɗaga masa zuwa awa 18. An kuma hana jan taru kusa da gaɓa na wata uku kowace shekara. Manufar a lokacin ita ce zuwa 1 ga Janairun 2025 kamu ya sauko daidai da abin da kifin zai iya mayarwa ta hayayyafa.

Duk dokar ta jingina ne kan wani tsohon lissafi: yawan kifin da kamu ke kashewa shi ne ƙoƙarin da aka yi, wato kwanakin fita, a ninka shi da ƙarfin kamun kowace fita. In ƙarfin nan a tsaye yake, rage rabin kwanaki zai rage rabin mutuwar kifi. To amma ba a tsaye yake ba. Kyaftin ɗin da aka ƙwace wa kwana 30 ba zai bar kwanakin albarka ba, na iska da ƙarancin kamu zai yafe. Ragowar zai kai su ramin da ya san kifi na taruwa, a watan da farashi ya fi tsada. Ga na'urar hango kifi da inji mai ƙarfi, kwana guda na yau ya fi na shekaru 20 baya ɓarna. Shi kuma kifin, ko ya ragu, taruwa yake yi wuri guda, sai taru ya ci gaba da cika, mai kallo daga tudu ya zaci lafiya lau.

Shi ya sa kwamitin masanan da ke ba Hukumar Tarayyar shawara, STECF, yake gina samfurin lissafi a kwamfuta. Ana zuba bayanan kowane rukunin jirage: tsawonsu, zurfin da suke aiki, abin da suke saukewa, da kuɗin man da suke sha. Sai a gwada, in an cire kwanaki kaza, me zai sami hek, me zai sami jatan lande, me zai rage a aljihun masunci. Samfurin yana da amfani, amma amsarsa ta dogara da zaton da aka yi kan halin kyaftin, kuma wannan ne ya fi komai wuyar sawa a lissafi. Akwai kuma hek ɗin da masu ƙugiya da ragar kafawa ke kamawa, wanda kwanakin taru ba su taɓa shi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wanda ya fi rauni shi ke yanke wa kowa hukunci. Jan mulet na iya murmurewa, amma muddin hek na cikin hatsari, kwanakin kowa za su ci gaba da raguwa. A ƙarshen 2024 Hukumar ta kawo shawarar da za ta bar wa jiragen Sifaniya masu jan taru matsakaicin kwana 27 kacal a 2025, masunta suka ɗaure jirage suka fito zanga-zanga. A ganina matsayar da ministoci suka cimma tamkar amincewa ce cewa kwana kaɗai bai isa ma'auni ba: an rage kwanakin sosai, amma jirgin da ya faɗaɗa idon ragarsa zuwa milimita 45 a kusa da gaɓa, ko 50 a ruwa mai zurfi, don ƙananan kifi su sulale, aka amince a mayar masa da wani ɓangare na kwanakinsa a 2025.